Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fastoci Da Dattawan Ikkilisiyoyinmu Masu Sujada Da Hausa

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, rabaran-rabaran da fastoci da masu bishara da dattawa, na ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Baftis da Angalikan, da duk inda ake buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa ranar Lahadi.

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a. Ni ɗanku ne. Hatsi nake sayarwa a kasuwa, da yammacin Asabar kuma ina koyar da ajin baftisma a majami'armu. Ban yi makarantar tauhidi ba, don haka in na yi tuntuɓe a wata aya ku gyara mini. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Kukana shi ne, kuna faɗa mana ranar Lahadi cewa mu guji zunubi, mu ce amin, a yi albarka a tashi, sannan daga Litinin zuwa Asabar kowa ya yi ta kokawarsa shi kaɗai, ba wanda ya san halin da yake ciki. Mun san zunubi mugun abu ne, wannan ba mai gardama. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda mai bi zai yi da shi sa'ad da ya tashi da shi da safe, ya kwana da shi da dare, shekara goma bayan an yi masa baftisma.

Littafin da ke hannunku bai ɓoye wannan ba. A Romawa 7 Bulus ya ce nagarin abin da yake so ya yi ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa, har ya kai ga cewa kaitonsa. An gaya mini malamai sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko Bulus yana maganar kansa ne kafin ya tuba ko bayan ya tuba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, da farko ya ɗauka maganar wanda bai tuba ba ce, da ya manyanta kuma ya sake ra'ayi ya ce ai mai bi ne ke magana. Ku bar malamai da gardamarsu. Galatiyawa 5:17 ga masu bi aka rubuta ta, ba shakka, kuma ta ce halin mutuntaka da Ruhu gāba suke yi da juna a cikin mutum guda. Ubangiji da bakinsa a Luka 9:23 ya ce mai binsa ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Ibraniyawa 3:13 ta ce mu riƙa gargaɗar juna kullum don kada zunubi ya yaudare mu ya taurare mana zuciya. Yahaya kuwa, a wasiƙarsa ta fari, ya ce in mun ce ba mu da zunubi kanmu muke ruɗi.

To, ku saurari shaidar da ake bayarwa a majami'unmu. Duk iri ɗaya ce. Dā ina sha, yanzu na daina. Dā ina bin mata, yanzu Yesu ya 'yantar da ni. A yi tafi, mata su rangaɗa guɗa, mai ganga ya buga. Madalla, Allah yana yin haka, na kuma ga waɗanda ya yi wa. Amma a bencin tsakiya akwai saurayin da ya fito gaba a taron farkawa, ya yi kuka, ya karya kwalba, bayan wata biyu kuma ya koma gidan shan giyar goskolo. Yana jin wannan shaidar, me zai ce wa kansa? Ɗayan biyu ne. Ko dai ya ce shi Allah bai karɓi tubansa ba, ya janye jiki daga sujada a hankali har a daina ganinsa, ko kuwa ya koyi yadda ake wanke fuska da goge takalmi a zo a zauna kamar ba komai. Na biyun ya fi yawa a cikinmu, kuma mu muka koya musu.

Bari in taɓa maganar horo, ko da na san za ta yi wa wasu zafi. In ka duba waɗanda ake sa wa horo a yawancin majami'unmu, sai ka ɗauka zunubi uku ne kacal a duniya: ciki kafin aure, buguwa a fili, da ƙara mace ta biyu. Yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa ta yi ciki, a kira sunanta lokacin sanarwa, ta miƙe kanta a sunkuye, uwarta na can cikin 'yan Zumuntar Mata tana share hawaye da bakin gyale. A hana ta jibin Ubangiji, a mayar da ita bencin baya. Wanda ya yi mata cikin fa? Sau da yawa ya tafi birni neman aiki, ko kuwa ɗan wani ne da ba a taɓawa. Irin wannan shari'ar aka kawo wa Yesu a Yahaya 8, aka jawo macen ita kaɗai, alhali Littafin Firistoci 20:10 su biyu ya ambata. A wannan Lahadin kuma, a kujerar gaba, ga mutumin da garin duka ya san ya karɓi kuɗin aikin rijiyar burtsatse bai haƙa ba. Shi ne babban baƙo ranar tara gudummawar gini, ya ba da buhun siminti ɗari, a ɗora masa hannu a sa masa albarka. Yakubu 2 ta yi maganar mai zoben zinariya da ake ce wa zauna nan wuri mai kyau, matalauci kuwa a ce masa tsaya can. Yaranmu suna karanta wannan ayar a Makarantar Lahadi, kuma suna da ido.

Ba cewa nake a daina horo ba. Bulus ya umarci Korantiyawa su fitar da mai mugun laifi daga cikinsu. Amma a 2 Korantiyawa 2 shi ɗin ne kuma ya ce horon da aka yi wa mai laifi ya isa, a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Matiyu 18 ta fara ne da ka je ka same shi ku biyu, ikkilisiya ita ce mataki na ƙarshe. Mu kuwa da ƙarshen muke farawa. Kuma a watannin da yarinyar take zaune a bencin baya, dattijo nawa ne ke zuwa gidansu ya buɗe Littafi tare da ita? Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, mai komowar kuma ya kula da kansa kada shi ma a gwada shi.

Ku da yawanku 'ya'yan manoma ne, kun san ƙuduji. Kafin furensa ya fito a gona, ya riga ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa manne da saiwar dawa yana tsotse ta. Ranar da ka ga furen, ɓarnar ta riga ta auku. Haka Yakubu 1:14-15 ta kwatanta zunubi: sha'awa ta yi ciki, ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Majalisar dattawa tana zama ne ranar da fure ya fito. Lokacin da abin yake ƙarƙashin ƙasa, lokacin da za a iya taimakon mutum, ba kowa a wurin.

Ku zo in nuna muku nawa fagen, kasuwa. Akwai mudu biyu a rumfuna da yawa. Ɗaya cikakke, da shi ake auna na manomi in ya kawo. Ɗaya kuma an ɗan bubbuga gindinsa ciki da guduma, ba ka ganewa sai ka kife shi, da shi ake auna wa mai saye. Akwai yadda ake zuba tsohuwar masara mai ƙwari a tsakiyar buhu, a rufe sama da ƙasa da sabuwa. Akwai yadda ake yayyafa wa wake maganin ƙwarin da ba na abinci ba don kada ya huje kafin farashi ya hau, alhali ga buhu mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwarin ba tare da magani ba, sai dai ya fi tsada. Wannan ɗabi'ar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Turawa sun ƙi ci, mu kuwa muna auna wa maƙwabtanmu su dafa wa 'ya'yansu. Masu yin haka ba baƙi ba ne, a cikinsu akwai masu riƙe da faifan baiko ranar Lahadi.

Littafi bai yi shiru a kan mudu ba. Maimaitawar Shari'a 25 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jaka ko a gida. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Amos 8 ta kwatanta 'yan kasuwar da ke ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara kuɗi, har sharar alkama su sayar. Na girma a majami'a, na ji wa'azi a kan ushiri daga Malakai 3 har na haddace, amma wa'azi a kan Amos 8 sai in daɗe ina tunani kafin in tuna ɗaya.

Kada kuma ku ɗauka abin da sauƙi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ɗauko buhu daga ƙauye ya ninka, masu saye kuma kowa na neman ragi don aljihunsa babu. Mai cikakken mudu yana zaune kusa da mai bugaggen mudu, farashinsu ɗaya, da yamma ɗaya ya fi ɗaya riba. A gida ga yaro an koro shi saboda kuɗin makaranta. Hannunka na kan mudu, zuciyarka na ce maka kowa ma haka yake yi. Wannan ita ce kokawar, kuma gobe da ƙarfe takwas za a sake ta daga farko. In fasto ya hau bagade ya ce wa irin wannan mutum ka yi gaskiya Allah zai ninka maka kafin ƙarshen wata, ya cuce shi, domin sau da yawa wata yakan ƙare ba a ninka komai ba. Ku faɗa masa gaskiya: zai yi asara, asarar kuma tana cikin gicciyen da aka ce ya ɗauka. Sannan ikkilisiya ta san da shi, ta tambaye shi yaya kasuwa da nufin jin amsa.

Sa'ad da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wa Yahaya Maibaftisma a Luka 3, bai ce musu ku guji zunubi kawai ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojoji kada su yi ƙwace, kada su yi ƙazafi, su dangana da albashinsu. Kowa da sana'arsa aka yi masa magana. Zakka na Yariko kuma da ya tuba, sai da ya ambaci kuɗi: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. A cikin membobinku akwai ɗan sanda a shingen hanya, akwai akawun da fayil ba ya motsi a teburinsa sai an ba da na goro, akwai malamar asibiti, akwai uban da ya biya kuɗi aka rubuta wa ɗansa amsar jarrabawa a allo, ya kuma zo da baikon godiya da sakamako ya fito. Akwai matashin da wayarsa ke cinye masa dare tsakanin cacar ƙwallo da hotunan batsa, da safe ya zo ya riƙe jita. Ku yi musu magana ɗaya ɗaya yadda Yahaya ya yi.

Wani abin da ya shigo mana kuma shi ne ɗora wa wasu laifi. Addu'ar dare ta zama ta jifan maƙiya: mayu, dangin uba, wata tsohuwa a ƙauye da ta ɗaure tauraron mutum. Ban musanta cewa akwai Shaiɗan da aikinsa ba. Amma a Markus 7 Yesu ya lissafa fasikanci da sata da kisankai da kwaɗayi da hassada da girmankai, ya ce daga ciki suke fitowa, daga zuciyar mutum. Mutumin da ke dukan matarsa ba ruwan kakarsa ta ƙauye. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hangi na wani, mu kuwa har mun sa wa hangen kiɗa da azumi.

Za ku ce ai ƙofar ofishin fasto a buɗe take, mai damuwa ya zo. Iyayenmu, ku yi haƙuri in faɗa muku dalilin da ba a zuwa. Mutum ya kai wa fasto sirrinsa ranar Talata, ranar Lahadi ya ji labarinsa a cikin wa'azi, an cire suna amma an bar unguwa da sana'a. Ko kuwa maganar ta bi ta gidan fasto ta fito a taron mata da sunan roƙon addu'a: mu sa 'yar'uwa wance a addu'a, kun san halin da gidanta ke ciki. Kafin a ce amin gari ya ɗauka. Yakubu 5:16 ta ce mu riƙa bayyana wa juna laifofinmu muna yi wa juna addu'a, amma ba mai bayyana wa wanda bakinsa ba ya rufuwa. 'Yan'uwanmu Katolika, duk da bambancin da ke tsakaninmu, sun riƙe wannan da ƙarfi: fada ba ya fitar da abin da ya ji a wurin ikirari ko da za a kashe shi. Mu da muke cewa kowane mai bi firist ne, ya kamata a ce an iya riƙe sirri a cikinmu. Fasto ko dattijon da ya tona asirin mai neman taimako, shi ma a sa masa horo.

Na bar mafi nauyi zuwa yanzu. Akwai umarnin da ya fi mudu wuya, wato Matiyu 5:44, ku ƙaunaci maƙiyanku. A wasu ƙasashe wannan aya ce ta maƙwabci mai fitina. A wurinmu, tun rikicin Jos na Satumba 2001, zuwa kisan Dogo Nahawa a Maris 2010, zuwa 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilu 2014, zuwa harin da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023, maƙiyi yana da fuska. Gwauruwar da ta binne miji da ɗa a rami ɗaya tana karanta addu'ar Ubangiji kowace safiya, ta iso wurin yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi, harshenta ya yi nauyi. Ta gafarta jiya, yau ta ga takalmin yaron a bayan ƙofa, abin ya dawo sabo. Kada ku tsawata mata, kada kuma ku ce mata ai ya wuce. Ku buɗe mata Zabura 13 da ta 94, ta ga cewa an yarda mai bi ya tambayi Allah har yaushe, an yarda ya kai masa ƙara ya nemi shari'a. Neman gwamnati ta kama masu kisa ba zunubi ba ne, ku ci gaba da nema da babbar murya. Amma Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce, kuma kun san akwai lokutan da 'ya'yanmu suka tare hanya suka huce a kan matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. A kan wannan bagade yakan yi shiru. Akwai ma wa'azin da ke hura wutar a fakaice, jama'a na tafi. Maƙwabcina a kasuwa Musulmi ne, shi ke tsare mini rumfa in na tafi jana'iza, ni ma in tsare masa in ya tafi masallacin Juma'a. Yaron da na koyar a aji, in an cika masa zuciya da ƙiyayya, wannan mutumin zai fara gani.

Muna yawan ambaton Leah Sharibu, wadda aka ɗauke daga Dapchi a Fabrairu 2018 aka riƙe ta don ta ƙi musun bangaskiyarta, kuma ya dace mu ambace ta, mu yi ta yi mata addu'a. Sai dai yawancinmu ba za a taɓa ɗora mana bindiga a ce mu yi musu ba. Namu gwajin a awo yake zuwa, a rasit, a waya, a zaɓen dattawa inda kowa ke ƙirga 'yan ƙabilarsa kafin a yi addu'ar buɗewa. Luka 16:10 ta ce mai aminci a ƙaramin abu shi ne mai aminci a babba.

Kakanninmu sun sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan shekaru na wahalar Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa. Da yawa daga cikin tsofaffinmu saboda wannan Littafin suka shiga ajin karatu da furfurarsu, suna bin baƙi da yatsa a hasken aci-balbal. Yau Littafin yana cikin wayar kowa, amma in na ce wa 'yan ajina su buɗe Amos sai a yi ta lalube. Mutum ba zai yi biyayya da abin da bai karanta ba. Ku rage tsawon sanarwa da yawan baiko, ku ɗauki littafi guda, ko Yakubu ne mai sura biyar, ku bi da mu aya aya har ya ƙare, ba tsallake wadda za ta ɓata wa mai siminti rai.

Kuma ku bar mu mu san cewa ku ma kuna cikin kokawar. Ba muna so ku tona kanku a bagade ba ne. Amma Littafi bai ɓoye Dawuda da matar Uriya ba, bai ɓoye musun Bitrus ba, bai ma ɓoye cewa bayan Fentikos sai da Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya saboda munafunci ba. Fasto da kullum yake cewa ku, ku, bai taɓa cewa mu ba, yana sa mai rauni ya ƙara ɓuya. Ku ma kuna da naku gwajin: asusun ikkilisiya, neman canji zuwa majami'ar birni, kujerar shugabancin gunduma, tsoron mai kuɗi. Wa ke tambayarku, kamar yadda Natan ya shiga wurin Dawuda?

Roƙona shi ne a zaman majalisar dattawa na gaba, kafin a shiga maganar kwanon rufi da bikin girbi, ku ɗauko littafin horo ku karanta sunayen da ke ciki. Ku ƙirga mata nawa, maza nawa, masu hali nawa. Ku raba sunayen a tsakaninku, kowane dattijo da matarsa su ɗauki gida ɗaya su riƙa zuwa har ranar da za a komo da mutumin, a kuma yi wannan komowar a gaban jama'a da murna kamar yadda aka yi sanarwar horon a gaban jama'a. A kowace unguwa a sami mutum biyu ko uku, maza daban mata daban, waɗanda aka shaida suna iya riƙe magana, a sanar da sunayensu. In kuma Baba Rabaran ya sami sarari ranar kasuwa, ya zo rumfa ya zauna a kan buhu daga hantsi zuwa azahar, ya ga abin da tumakinsa ke fama da shi kafin ya shirya wa'azin Lahadi.

A gaishe mini da iyayenmu mata da yara.

Naku cikin Almasihu,
Ɗanku, mai sayar da hatsi kuma malamin ajin baftisma